Majalisar Gudanarwar Jami'a: Abin Da Ya Kamata Ka Sani

Ɗanka ya turo maka hoton wata takarda ta WhatsApp: an ƙara kuɗin rajista. Ka duba adadin, ka yi salati, ka ɗora laifin a kan shugaban jami'a, tunda shi kake gani a talabijin ranar bikin yaye ɗalibai, sanye da doguwar riga da hula mai tuntu. To, koma layin farko na takardar. Sau da yawa za ka tarar an rubuta cewa majalisar gudanarwa, a zamanta na kaza, ita ce ta amince da ƙarin. Sa hannun da ke ƙasa kuma na magatakarda ne.

Ɗalibi yana iya yin shekara huɗu a jami'a har ya fita bai taɓa ganin wannan majalisa ba, bai ma san sunan shugabanta ba, alhali ita ce ta ɗauki shugaban jami'ar aiki. Bayanin da ke tafe ya fi karkata ga jami'o'in gwamnatin tarayya a Najeriya, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri, domin doka ɗaya ce ta tsara majalisunsu.

Mece ce majalisar gudanarwa?

Ita ce hukumar ƙoli mai kula da dukiyar jami'a da kuɗinta da ma'aikatanta da manufofinta. Mutanen jami'a kansil suke ce mata. Ba ta zuwa ofis kullum. Takan zauna sau uku ko huɗu a shekara, sai in wani abu na gaggawa ya taso. Tsakanin zama da zama, kwamitocinta ne ke aiki, babbansu kuwa shi ne kwamitin kuɗi da harkokin yau da kullum.

Ka ɗauka mai gona ne ya damƙa gonarsa a hannun wasu amintattu, su kuma suka ɗauko ƙwararren manomi. Manomin shi ke cikin gona safe da yamma. Amintattun su ne ke cewa ga abin da za a kashe bana, ga abin da za a shuka nan da shekara biyar, kuma a ƙarshen kaka a kawo musu lissafi. Mai gonar ita ce gwamnati a madadin jama'a, manomin shi ne shugaban jami'a, amintattun su ne majalisa.

Dokar da ta tsara wannan ita ce dokar jami'o'i ta 1993, wadda aka yi wa gyare-gyare a 1996 da 2003 da 2012. Gyaran 2003 shi ne ake kira dokar 'yancin jami'o'i, kuma shi ya ba majalisa yawancin ƙarfin da take da shi a yau.

Wa ya fi wani tsakanin cansala da VC?

A nan mutane da yawa ke rikicewa, har da wasu 'yan jarida, don haka bari mu ɗan dakata.

A sama akwai mai ziyara. Sunan kamar na baƙo, amma shi ne wakilin mai jami'a. A jami'o'in tarayya shugaban ƙasa ne, a na jiha gwamna.

Sai cansala, wanda Hausawa ke kira uban jami'a. Muƙamin girmamawa ne, yawanci akan ba sarakuna, kuma akan kai sarkin wani yanki jami'ar wani yanki don ƙulla zumunci: Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya riƙe na Jami'ar Ibadan, Obi na Onitsha Alfred Achebe kuma na Ahmadu Bello. Uban jami'a na farko a Ahmadu Bello, da aka buɗe ta a 1962, Sardauna ne da kansa. Babban aikin uban jami'a shi ne shugabantar bikin yaye ɗalibai da ba da digiri. Ba ya sa hannu a takardar kuɗi, ba ya ɗaukar ma'aikaci.

Sai furo-cansala. Wannan shi ne shugaban majalisar gudanarwa, shi ke zama a kan kujera idan an taru.

Sai VC, wanda wasu kafafen labarai ke fassarawa da mataimakin shugaban jami'a. Fassarar na ɓatar da mutum. Ba mataimakin kowa ba ne a aikin yau da kullum. Shi ne shugaban jami'a mai cikakken iko a kan ofis, kuma haka za mu riƙa kiransa a nan.

Akwai kuma wata majalisa ta biyu, majalisar malamai, wadda ake kira sanet. Ba ruwanta da sanatocin Abuja. Farfesoshi ne da shugabannin tsangayoyi da na sassa, shugaban jami'a ke jagorantarsu, kuma duk abin da ya shafi karatu a hannunsu yake.

Su wa ke zama a majalisar?

Doka ta lissafa su. Akwai shugaban majalisa, da wakili ɗaya daga ma'aikatar ilimi ta tarayya, da mutum huɗu da gwamnati ke naɗowa daga sassan ƙasa don su wakilci jama'a. Waɗannan shida su ne 'yan waje. Daga cikin gida akwai shugaban jami'a da mataimakansa, da mutum huɗu da majalisar malamai ke zaɓa daga cikinta, da mutum biyu da babban taron ma'aikata masu digiri ke zaɓa. Sai mutum ɗaya daga taron waɗanda jami'ar ta yaye, wato tsofaffin ɗalibai. Magatakarda shi ne sakatare: shi ke aika takardar gayyata, shi ke rubuta abin da aka tattauna, shi ke ajiye shi.

In jami'a tana da mataimakan shugaba biyu, majalisar ta zama mutum 16 ke nan: shida daga waje, tara daga ciki, ɗaya daga tsofaffin ɗalibai. Ka lura da wannan lissafi. Da gangan aka sa 'yan gida suka fi yawa, bisa hujjar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma don kada gwamnati ta juya jami'a yadda ta ga dama. Sai dai tsarin yana da nasa rauni. Shugaban jami'a mai wayo, in ya tabbatar mutanensa ne suka ci zaɓen wakilan cikin gida, to majalisar da aka kafa don ta sa masa ido ta koma 'yar amshin shatansa.

Wa'adin majalisa shekara huɗu ne daga ranar da aka rantsar da ita. Doka ta ce waɗanda za a naɗa su kasance masu gaskiya da riƙon amana, masu sanin al'amuran jami'a. A aikace, wani lokaci a samu tsohon babban ma'aikacin gwamnati ko gogaggen farfesa, wani lokaci kuma a samu ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe ana neman inda za a share masa hawaye.

Wanda ba ya cikin jerin kuwa shi ne ɗalibi. Ba shi da kujera, uban ɗalibi ma ba shi da ita.

Me take yi, me kuma ba nata ba ne?

Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jami'a, ita ke tabbatar da an binciki asusu a ƙarshen shekara. Filaye da gine-gine da gonaki da kamfanonin jami'a duk amana ce a hannunta. Ita ke naɗa manyan jami'ai: shugaban jami'a, magatakarda, ma'aji da shugaban ɗakin karatu. Malami ba ya zama farfesa sai an aika rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i sun tantance, sa'annan majalisa ta amince. Korar babban ma'aikaci ma, bayan an bincike shi an ji ta bakinsa, sai da hukuncinta.

Akwai kuma aikin da ya fi waɗannan muhimmanci, ko da yake shi aka fi sakaci da shi, wato hangen nesa. Shugaban jami'a kullum yana kashe gobarar yau: kuɗin wuta, ruwan ɗakunan kwana, barazanar yajin aiki. Majalisa ce ya kamata ta ɗaga kai ta yi tambayoyin da ba na yau ba. Ɗalibai nawa ɗakunan karatunmu za su iya ɗauka nan da shekara goma? Idan farfesoshin sashen kaza suka yi ritaya a shekara 70, kamar yadda gyaran 2012 ya tanada, wa muka horar ya gaje su? Wannan sabuwar tsangayar likitanci da ake son buɗewa, ina asibitin koyarwa, ina kuɗin kayan aiki? Majalisar da ta san aikinta takan ba shugaban jami'a buri a rubuce, ta kuma riƙa tambayarsa inda aka kwana a kowane zama.

Abin da ba nata ba shi ne karatu. Ba ta tsara manhaja, ba ta duba jarrabawa, ba ta cewa wane ya ci wane ya faɗi. Wannan na majalisar malamai ne. Saboda haka in wani ya ce maka yana da ɗan majalisa da zai gyara wa ɗanka sakamako, to ko dai damfara ce ko kuwa laifi ne ake shirin aikatawa.

Kwangila fa? Nan ne aka fi samun saɓani. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora alhakin kashe kuɗi a wuyan shugaban ma'aikata, wanda a jami'a shi ne shugaban jami'a, manyan kwangiloli kuma sukan wuce zuwa ma'aikatar ilimi ko majalisar ministoci. Aikin majalisar gudanarwa shi ne ta amince da tsari ta kuma bi sawu. Duk ranar da 'yan majalisa suka fara kawo kamfanoninsu, sa ido ya ƙare, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yaya ake naɗa shugaban jami'a?

Wannan shi ne aiki mafi girma da majalisa ke yi, kuma shi ya fi jawo rigima.

Wa'adin shugaban jami'a shekara biyar ne, sau ɗaya tak, ba tazarce. Idan ya kusa ƙarewa, galibi saura wata shida, majalisa kan buga talla a jaridu ta faɗi sharuɗɗa. Daga nan a kafa kwamitin neman 'yan takara, mai mutum biyar, wanda aikinsa shi ne ya zaga ya nemo mutanen da suka cancanta amma ba za su nema da kansu ba. Sai kuma kwamitin tantancewa, shi ma mutum biyar: shugaban majalisa, 'yan majalisa biyu waɗanda ba sa cikin majalisar malamai, da farfesoshi biyu daga majalisar malamai. Su ke ganawa da 'yan takara ɗaya bayan ɗaya, su ba da maki, su miƙa sunaye uku.

Kafin gyaran 2003, waɗannan sunaye uku shugaban ƙasa ake kai wa ya zaɓa. Yanzu majalisa ce ke zaɓar ɗaya ta naɗa, sa'annan ta sanar da shugaban ƙasa. Sanarwa ce, ba neman izini ba. In aka samu gurbi kafin a kammala, akan naɗa mai riƙon ƙwarya bisa shawarar majalisar malamai, kuma doka ba ta yarda ya wuce wata shida ba.

Wanda ya taɓa zama a harabar jami'a a irin wannan mako ya san yadda take komawa. Ofisoshi a buɗe amma hankalin kowa na ɗakin taron majalisa. Direbobi a gindin bishiya suna ƙirga motocin da suka shigo, malamai a wurin shan shayi suna lissafin wane na wane ne, kowa da wayarsa a hannu yana jiran magatakarda ya fito da takarda. Rigimar ma tun daga tallar jarida take farawa. Layi ɗaya kawai, misali a ce sai wanda ya shekara goma da zama farfesa, ko a rage zuwa biyar, ya isa ya fitar da wani ya shigo da wani. Shi ya sa masu takara ke karanta tallar kamar takardar gado.

Tana iya tsige shi?

Tana iya, amma ba da ka ba. Sai in an zarge shi da babban laifi ko ya kasa aiki saboda rashin lafiya. Sa'annan dole a kafa kwamitin haɗin gwiwa, mutum uku daga majalisar gudanarwa, biyu daga majalisar malamai, su bincika, a ba shi damar kare kansa. In an tsige shi kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa ga mai ziyara.

Jami'ar Legas ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi gaggawa. An daɗe ana takun saƙa tsakanin shugaban majalisa, Wale Babalakin, da shugaban jami'a, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, har rikicin ya sa aka ɗage bikin yaye ɗalibai na watan Maris 2020 ana saura 'yan kwanaki. Ranar 12 ga Agusta 2020 majalisar ta zauna a Abuja ta sanar da tsige Ogundipe. Majalisar malamai da ƙungiyoyin ma'aikata suka ce ba su yarda ba, ba a bi ƙa'ida ba. Gwamnatin Buhari ta ce duka biyun su koma gefe, ta kafa kwamitin bincike na musamman ƙarƙashin Farfesa Tukur Sa'ad, majalisar malamai kuma ta zaɓi Farfesa Folasade Ogunsola ta riƙe. Babalakin ya yi murabus a watan Satumba. A watan Nuwamba aka mayar da Ogundipe kujerarsa, aka rushe majalisar.

Ita kuma wa ke sa mata ido?

Mai ziyara. Doka ta wajabta masa ya tura kwamitin bincike kowace jami'a aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, su duba littattafan kuɗi da naɗe-naɗe, su saurari koke. Ba kullum ake cika wannan ba: kwamitocin da aka tura a 2021 sai da suka haɗa shekara goma, daga 2011 zuwa 2020, suka duba a lokaci guda. Ka yi tunanin binciken kuɗin da aka kashe shekara tara baya, wanda ya kashe ya daɗe da barin ofis.

Mai ziyara yana kuma iya rushe majalisa, amma bisa sharaɗi biyu: a same ta da gazawa da cin hanci, kuma a kafa wata nan take. A watan Yuni 2023, da gwamnatin Tinubu ta rushe hukumomin gudanarwa na ma'aikatun tarayya, guguwar ta haɗa da majalisun jami'o'i, har da waɗanda wa'adinsu bai cika ba. Aka yi kusan shekara guda babu majalisa, al'amuran da ke buƙatar amincewarta sai a kai wa minista. A watan Mayu 2024 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ba gwamnati wa'adin mako biyu. Aka fitar da sunaye, aka yi ƙorafin cewa rabon bai yi wa jihohi adalci ba, aka sake dubawa, sai a watan Yuli 2024 aka rantsar da sababbin majalisu.

Ba a daɗe ba aka sake rusa wasu. A Nuwamba 2024 an rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, aka cire shugaban da ta naɗa. A Fabrairu 2025 haka ta faru a Jami'ar Abuja, wadda aka sa wa sunan Yakubu Gowon, inda aka sauke Farfesa Aisha Maikudi makonni kaɗan bayan naɗa ta. Wasu sun ce gwamnati ta gyara ɓarna, wasu sun ce ta yi wa dokar 'yanci karan tsaye, domin tsige shugaban jami'a aikin majalisa ne. A ganina, ko da majalisa ta yi kuskure, gyara ta hanyar da doka ba ta tsara ba yana koya wa kowace majalisa darasi guda: kafin ki yanke hukunci, leƙa fuskar Abuja. Manyan malamai a Zariya ba su manta da zamanin Abacha ba, lokacin da aka ajiye tsarin gaba ɗaya aka naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora mai ritaya kantoman Jami'ar Ahmadu Bello daga 1995 zuwa 1998.

Nawa ake kashewa, kuma me ya shafi aljihunka?

'Yan majalisa na waje ba ma'aikatan dindindin ba ne. Ana biyansu alawus na zama, da kuɗin tafiya da masauki, kuma jami'a ce ke ɗaukar nauyin.

Abin da ya fi taɓa aljihunka shi ne kuɗin rajista. A hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digiri na farko. Abin da kake biya kuɗin hidimomi ne: jarrabawa, asibiti, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin karatu, wasanni, wurin kwana. Hukumar jami'a ke tsara su, majalisa ta amince. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun yi ƙari mai yawa, suna kafa hujja da tsadar wutar lantarki da man dizal. Ga wanda kuɗin ya fi ƙarfinsa, asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ya fara aiki a 2024.

Kada kuma ka ɗora wa majalisa abin da ya fi ƙarfinta. A takarda ita ce uwar ɗakin ma'aikata, amma ba ita ke yanke albashi ba, ba ita ke biya ba. Daga gwamnatin tarayya yake zuwa. Yawancin sababbin gine-ginen da kake gani da kuɗin asusun TETFund aka yi su. Shi ya sa a yajin aikin 2022, da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu majalisar wata jami'ar tarayya da ta iya biya wa malamanta buƙatunsu ta ce su koma aji.

Jami'o'in jiha da na 'yan kasuwa fa?

Su ma suna da majalisa, sai dai kowace jiha da dokarta, kuma a da yawansu gwamna ne ke da maganar ƙarshe wajen naɗa shugaban jami'a. A jami'o'i masu zaman kansu akwai kwamitin amintattu na mai jami'ar a saman majalisa.

In kana da koke, ta ina za ka bi?

Fara daga ƙasa: shugaban sashe, shugaban tsangaya, ofishin kula da harkokin ɗalibai, sa'annan shugaban jami'a. Maganar maki da sakamako a majalisar malamai take tsayawa. Amma in an kori ɗalibi ko an dakatar da shi bisa zargin rashin ɗa'a, dokokin jami'o'i da dama sun ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa cikin wani ƙayyadadden lokaci. Duba littafin dokokin ɗalibai da aka ba ɗanka ranar rajista, wanda wataƙila yana ƙasan akwati bai taɓa buɗewa ba. Ma'aikacin da aka hukunta shi ma yana da irin wannan dama.

Takardar a rubuta ta zuwa ga shugaban majalisa, ta hannun magatakarda. A haɗa da kwafin duk wata shaida, a yi kwafi biyu, a tabbatar an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda zai zauna a hannunka. Tunda majalisa ba kullum take zama ba, tambayi ofishin magatakarda ranar zama na gaba, ka kai takardarka da wuri don ta shiga jerin abubuwan da za a tattauna.

In kuwa kai tsohon ɗalibi ne, kana da kujera ɗaya a teburin nan ta hannun wakilinku. Nemi sanin sunansa, da ranar da za a sake zaɓe, ka je ka kaɗa ƙuri'arka.